Shigar da Samfurin Ginin Hausa cikin Manhajar Fito da Hoto: Matsalar Sanya wa Bango Fuska

Masu nazarin gine-ginen gargajiya sun daɗe suna dogara ga zanen awo, irin wanda Dmochowski ya yi wa gine-ginen Nijeriya, aka buga a 1990. Yanzu ana iya mayar da irin wannan zane samfuri mai tsawo da faɗi da zurfi a kwamfuta, da manhaja kamar SketchUp ko Revit, sannan a kai shi wata manhajar, kamar Lumion ko Blender, wadda za ta ba shi haske da inuwa har ya yi kama da hoton kyamara. A wajen wannan ƙaura ne kura-kurai suka fi aukuwa.

Ana fitar da samfurin ne a sigar da manhajojin biyu suke ganewa, galibi FBX ko OBJ. Ita OBJ a wani fayil dabam mai suna MTL take ajiye bayanin launuka, kuma idan aka baro shi, ginin zai iso ba launi. Sai kuma ma'auni: abin da aka zana da milimita, in aka karanta shi da mita, zai ninka girma sau 1000. A SketchUp kowane shafi yana da gaba da baya. Wanda bayansa ya kalli waje yakan ɓace ko ya yi baƙi a wasu manhajojin.

Babban aikin shi ne rarrabe kayan gini tun kafin a fitar da samfurin. Lumion, alal misali, tana ɗaukar duk sassan da suka zo da suna ɗaya a matsayin abu ɗaya. Idan aka bar bango da rufi da zankwaye a suna guda, duk abin da aka shafa wa ɗaya zai hau sauran. Don haka azara ta sami sunanta, daɓe nasa, yaɓen makuba nasa.

A nan ne ginin Hausa yake ba da wahala. Ma'ajiyar waɗannan manhajoji cike take da siminti da bulo da gilas, kuma takan maimaita ƙaramin hoto ɗaya ne har ya cika bango. Yaɓen ƙasa kuwa da hannu ake yin sa, sawun yatsu ba ya maimaita kansa. Bangon tubali ma yana da kauri daga tushe, yana sirancewa zuwa sama, kusurwoyinsa ba su da kaifi. Wanda ya zana shi a miƙe sambal, ya shafa masa jan launi, ginin siminti ya yi wa fenti, ko da ya kira shi soro. Abin da ya fi dacewa shi ne a ɗauki hoton ainihin bangon lokacin da rana ba ta dukansa, don kada inuwa ta maƙale a ciki, sannan a haɗa shi da taswirar kaushi da ta tudu da kwari, a kuma rage ƙyalli sosai, tunda ƙasa ba ta sheƙi.

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, yana nuna iyakar wannan dabara. Adon da ke jikin ginshiƙansa da bakan-gizonsa tasowa ya yi daga jikin ginin. Taswirar tudu da kwari tana yaudarar ido ne kawai daga nesa. Idan za a nuna adon kusa, wajibi ne a sassaƙa shi a jikin samfurin tun a manhajar farko.