Darasi: Ilimin Halayyar Ɗan Adam da Mazhabobinsa

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi ilimin halayyar ɗan Adam, wato binciken dalilan da ke sa mutum ya aikata abin da yake aikatawa. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya yi rubutu a kan tsoro, fushi, baƙin ciki da waswasi. Amma wannan ilimi bai zama fanni mai zaman kansa ba sai a 1879, sa'ad da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Laifzig na Jamus.

Masanansa sun rarrabu. Na farko, Freud ya ce abin da ya samu mutum yana ƙarami yakan ɓoye a cikinsa, ya riƙa juya shi bai sani ba. Na biyu, Watson da Skinner sun ce hali koyo ne: abin da aka saka wa yaro da alheri a kansa, shi zai maimaita. Na uku, Maslow ya jera buƙatu hawa-hawa, daga ci da sha zuwa aminci, ƙauna da mutunci. Na huɗu, Beck ya nuna cewa mummunar fassarar da mutum ke yi wa al'amura tana rura damuwa. Na biyar, wasu suna duban ƙwaƙwalwa da gado.

Amfanin wannan gare mu shi ne: ɗan'uwan da ya daina barci, ya ƙaurace wa mutane, kada mu ɗaure shi ko mu kira shi mahaukaci. Mu yi masa addu'a, mu kuma kai shi wurin likita.

Allah Shi ne Masani.