Darasin Tattalin Arziki: Annobar Citta a Kudancin Kaduna da Abin Koyi daga Tekun Ostareliya

A daminar shekarar 2023 wata cuta mai ruɓar da citta ta auka wa gonakin kudancin Jihar Kaduna, musamman a ƙananan hukumomin Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a, inda ganye ya riƙa komawa rawaya yana bushewa, saiwar kuma tana ruɓewa a cikin ƙasa tun kafin lokacin haƙa ya yi. Cutar ta kuma ɓulla a jihohin Nasarawa da Filato da yankin Babban Birnin Tarayya. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta hasarar da manoma suka yi da kimanin Naira miliyan dubu 12.

Hasarar ba ta tsaya a gona ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa darajar cittar da Nijeriya ta fitar zuwa ƙasashen waje a watanni tara na farkon 2024 ta faɗi da kashi 74 cikin ɗari, idan aka kwatanta da irin wannan lokaci na 2023. Dillalan Kafanchan, Kwoi da Kubacha, da matan da ke tsagawa da shanya citta, da masu motocin dako, da 'yan kasuwar Kano da Legas da suka ƙulla alkawari da masu saye na ƙetare, kowa ya ɗanɗana rabonsa. Sana'ar da yankin ya dogara da ita tun wajen 1927 ta girgiza cikin damina ɗaya.

Tambayar da ta dace ɗan kasuwa ya yi ita ce: a wane lokaci ne kuɗin yaƙi da annoba ya fi amfani, kuma wa ya kamata ya biya? Akwai wata ƙasa da ta shafe fiye da shekara sittin tana fama da wannan tambaya, ko da yake tata dukiyar a ƙarƙashin teku take.

Dukiyar da ke ƙarƙashin teku

A gaɓar arewa maso gabashin Ostareliya akwai jerin tuddan murjani mafi girma a duniya, wanda ake kira Great Barrier Reef, mai tsawon kilomita 2,300. Murjani wasu ƙananan halittu ne masu rai da ke gina duwatsu a cikin ruwa, kifaye kuma a nan suke fakewa suna hayayyafa. A 2017 kamfanin Deloitte ya ƙiyasta cewa wurin yana samar wa ƙasar Dalar Ostareliya miliyan dubu 6.4 a kowace shekara tare da ayyukan yi 64,000, akasari ta hanyar yawon buɗe ido.

Ɗaya daga cikin manyan abokan gābar wannan dukiya wata dabbar ruwa ce mai siffar tauraro, jikinta duk ƙaya mai dafi, wadda ake kira tauraron teku mai kambun ƙaya. Ita ba baƙuwa ba ce a wurin, kuma idan ba ta da yawa ba ta yin wata ɓarna. Amma mace ɗaya takan zuba ƙwai miliyoyi barkatai a shekara, babba ɗaya kuma yakan cinye murjanin da ya kai murabba'in mita 10 a shekara. Idan yanayi ya ba su dama sai su yi ambaliya kamar farin ɗango. An ga irin wannan ɓarkewa a 1962 a tsibirin Green kusa da birnin Cairns, aka sake gani a 1979 da 1993, sa'an nan a 2010.

Wani nazari da Cibiyar Kimiyyar Teku ta Ostareliya ta fitar a 2012 ya nuna cewa wurin ya rasa rabin murjaninsa tsakanin 1985 da 2012. Guguwa ce ta jawo kashi 48 cikin ɗari na hasarar, tauraron teku kashi 42, koɗewar murjani saboda ɗumamar ruwa kuma kashi 10. Hukumomi suka lura cewa ba su da ikon tare guguwa, amma suna da ikon rage wannan dabba, saboda haka suka zuba ƙarfinsu a nan.

Yadda suke yi shi ne, jiragen ruwa kan zaga da ma'aikata masu duba tuddan suna ƙidaya dabbar, idan adadin ya wuce wani ma'auni da aka tsayar sai a tura masu nutso su yi wa kowace allurar ruwan matsarmamar shanu ko ruwan kal. A da sai an soki kowace dabba sau goma ko fiye da wani magani dabam, amma da aka gano allura ɗaya tak sai aikin ya yi sauri, tsadarsa ta ragu. A 2018 gwamnatin ƙasar ta ware Dalar Ostareliya miliyan 58 domin wannan aiki na shekaru da dama, kuɗin da bai kai kashi 1 cikin ɗari na abin da wurin ke samarwa a shekara guda ba. Wani nazari da aka buga a 2024 ya nuna cewa a yankunan da aka kai ɗauki da wuri kuma da isasshen ƙarfi, murjani ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari.

Darasi na farko: lokaci shi ne jari

Annoba tana haɓaka ne ta hanyar ninkawa, saboda haka kuɗin da zai kashe ta a makon farko ba zai taɓuka kome ba a wata na uku. A Nijeriya, sai a 2024 aka kafa kwamitin yaƙi da annobar citta, Asusun Bunƙasa Aikin Gona na Ƙasa kuma ya ba da sanarwar tallafin Naira miliyan dubu 1.6 ga manoman da abin ya shafa. Tallafin yana da amfaninsa, amma ya zo ne bayan an yi hasarar da ta ninka shi fiye da sau bakwai. Ostareliya tana biyan masu dubawa ne ko da annoba ko babu. Kwatankwacinsu a nan su ne malaman gona da za su riƙa zaga gonaki daga watan Yuni zuwa Satumba, da kuma hanyar da manomi zai kai rahoto a ranar da ya ga ganyen farko ya sauya launi.

Darasi na biyu: a tsare tushen iri

Tuddan murjanin Ostareliya sun kusa 3,000, ba kuma za a iya tsaron dukkansu ba. Saboda haka aka zaɓi waɗanda ke janyo baƙi da waɗanda igiyar ruwa ke ɗaukar 'ya'yan murjani daga gare su zuwa sauran wurare. Ga citta wannan batu ya fi tsanani, domin ba ƙwaya ake shukawa ba, saiwar da aka haƙa bara ita ake gutsuttsurawa a binne bana. Idan tana ɗauke da cuta, manomi da hannunsa zai kai ta sabuwar gona. Bugu da ƙari, kusan dukkan yankin ya dogara ne da iri biyu, Tafin Giwa da Yatsun Biri, don haka cutar da ta iya kama gona ɗaya tana iya kama ta maƙwabci. Gonakin iri da aka keɓe, ana duba su, tare da tsabtataccen iri daga Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa da ke Umudike, su ne wurin da kowace Naira za ta fi yin aiki.

Darasi na uku: a nemi abin da ke ciyar da annobar

Masana da yawa na ganin cewa takin zamani da ambaliya ke kwasowa daga gonakin rake da makiyaya zuwa teku yana ƙara abincin 'ya'yan tauraron teku, shi ya sa Ostareliya take kashe kuɗi kan tsabtar ruwan koguna ban da allurar da ake yi. Haka nan cutar da ke ruɓar da citta tana samun gindin zama ne a gonar da ruwa ke kwanciya da wadda ake maimaita wa citta shekara bayan shekara. Feshin magani ba zai maye gurbin magudanar ruwa da sauya shuka da ƙone abin da ya kamu ba.

Darasi na huɗu: wa zai biya?

Tsaron annoba abu ne da kowa ke amfana da shi, har wanda bai ba da ko kwabo ba, shi ya sa kowa ke jiran wani ya fara. A Ostareliya ana karɓar wani ɗan haraji daga baƙin da kamfanonin yawon buɗe ido ke kaiwa wurin tun cikin shekarun 1990, ƙungiyar masu waɗannan kamfanoni kuma ta shiga aikin allurar da jiragenta. Masu cin moriyar dukiyar sun fahimci cewa jarinsu suke karewa.

Masu fitar da citta da manyan dillalai su ne ke wannan matsayi a Nijeriya. Ɗan kaso kaɗan a kan kowane buhu da ya bar kasuwannin Kafanchan, Kachia da Kwoi, idan ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa suka riƙe shi a asusu mai bayyanannen lissafi, zai iya ɗaukar nauyin masu duba gonaki da gonakin iri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ɗan kasuwa zai yi

Duk mai ba manomi kuɗin kafin alƙalami ya kamata ya tambayi inda iri ya fito da abin da aka shuka a gonar bara, ya kuma sa waɗannan cikin sharuɗɗan yarjejeniya. Kada ya tara sayayyarsa a ƙaramar hukuma ɗaya, kada kuma ya ƙulla alkawarin kaya da mai saye na ƙetare kafin a ga yadda watan Agusta ya wuce. Bankunan da ke ba da rancen noma su ma suna iya rage ruwa ga wanda ya shuka irin da aka tantance.

Mai saye na Indiya ko Turai da aka saɓa wa alkawari yakan nemi wata kasuwa, dawo da shi kuwa yakan ɗauki shekaru fiye da waɗanda gona ke buƙata kafin ta farfaɗo.