Ciwon da ke shiga gida ba sallama

'Ya'yana na Dukku, maza da mata, ku ba ni aron kunnuwanku. Idan aure ya shekara uku ko huɗu ba a ga goyo ba, sai ka ji ana cewa matar juya ce, ko an yi mata sammu, ko a zargi kishiya. Haihuwa ta Allah ce, babu ja. Sai dai Allah Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma akwai wanda muke tsallakewa saboda kunya.

Cikin cututtukan da muke tarawa mu kira ciwon sanyi, akwai wanda likitoci ke ce wa kilamidiya. Ta wurin saduwa ake ɗaukarsa, ba a masai ba kamar yadda ake yawan faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an kamu da shi sau kusan miliyan 129. Sharrinsa shi ne shiru: akasarin matan da ke ɗauke da shi, da maza da yawa, ba sa jin komai.

Yana nan shiru, ƙwayar cutar na haurawa daga bakin mahaifa zuwa siraran bututun nan biyu da ƙwan mace ke bi. Wurin ya kumbura, ya warke da tabo, tabon ya toshe hanya. In ta toshe duka, ciki ba zai shiga ba. In ta rage kaɗan, cikin na iya zama a bututun maimakon mahaifa, ya fashe, ran uwa ya shiga haɗari. Namiji ma yakan kumbura masa maraina. Jariri kuwa na iya ɗauka wajen haihuwa, ya kama masa ido ko huhu.

Maganinsa ba shi da wuya, yawanci ƙwayoyi ne na kwana 7, mai juna biyu kuma da nata daban. Amma ku riƙe wannan: magani yana kashe cutar, ba ya goge tabon da ta riga ta bari. Shi ya sa jinkiri ke da tsada.

'Yata, in kin ga farin ruwa da ba ki saba gani ba, ko ciwon mara, ko zafin fitsari, ko jini ba lokacin al'ada ba, bar jiƙe-jiƙen kasuwa da rabin magani daga kemis. Je asibiti, ko da ta kama ki kai Babban Asibitin Kwantagora, ki faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Kai kuma ɗana, rakiya kaɗai ba ta isa ba. A duba ka, ka sha naka maganin. In matanka biyu ne ko uku, kowacce ta sha a lokaci guda, ku haƙura da shimfiɗa har a gama. In an bar mutum ɗaya, cutar za ta sake zagaye gidan, kuma kowace dawowa tana ƙara ɓarna.

Allah Ya ba ku lafiya da zuriya ɗayyiba.