Taimakon Ɗan'uwa da Taimakon Aboki

Karatu: 1 Sama'ila 17:28, 18:1-4, 22:1

Hausawa sukan ce, naka sai naka, daɗin zama sai bare. A darasin nan za mu duba bambancin taimakon mutanen nan biyu, domin iyalai da yawa sun watse saboda rashin gane shi.

1. Taimakon ɗan'uwa hakki ne

Ba kai ka zaɓi ɗan'uwanka ba, haihuwa ce ta haɗa ku. A gandu kuna noma tare, kuna ci daga rumbu ɗaya. In ka mutu, shi zai riƙe marayunka. Amma taimakonsa yakan zo da faɗa da gori, gama akwai abin da kuke rabawa, wato gona da gādo.

Tarihin Damagaram ya nuna mana wannan. Ibrahim da Tanimun 'ya'yan Sarki Sulaimanu ne, amma sarauta ta shiga tsakaninsu. A 1841 Tanimun ya karɓe gadon sarauta, a 1843 Ibrahim ya komo. Daga baya Tanimun ya sake hawa, ya yi mulki har 1884, shi ne kuwa ya kewaye Birni da ganuwa. In sarauta ta raba 'ya'yan sarki, ashe iyakar gona ma tana iya raba 'ya'yan talaka.

2. Taimakon aboki kyauta ce

Aboki kai ka zaɓe shi. Ba ya jiran gādon ubanka, saboda haka kana iya faɗa masa asirin da kake jin kunyar faɗa wa wanka. Shi ne mai zuwa gayya da hauyarsa, shi ne mai ranta maka kuɗin magani da dare. Amma ba a tilasta masa. Shi ma yana da nasa dangi, in wahala ta yi tsawo, nauyinsu ne zai fara ɗauka.

Tsofaffi suna tuna yunwar 1984, wadda aka sa wa suna El Buhari, domin a shekarar ne Nijeriya ta rufe iyakarta. A irin wannan shekara aboki yana iya ba ka tiyar gero sau ɗaya ko sau biyu. Amma wanda za ka kai wa mata da yara su zauna har kaka, yawanci ɗan'uwa ne.

3. Misalin Dawuda

Sa'ad da Dawuda ya kai wa yayyensa abinci a bakin dāga, wansa Eliyab ya tsauta masa, ya ce kallon yaƙi ya zo yi. Jonatan kuwa, wanda ba danginsa ba ne, ya tuɓe rigarsa ya ba shi, har da takobinsa da bakansa. Wani zai ce, to, aboki ya fi ɗan'uwa ke nan. Amma mu karanta gaba. Da Dawuda ya gudu daga Saul ya ɓuya a kogon Adullam, 'yan'uwansa da dukan gidan ubansa suka tafi wurinsa. Jonatan ya cece shi a ranar hatsari, danginsa kuwa suka sha wahalar tare da shi.

4. Abin da za mu yi

Kada ka yashe ɗan'uwanka don harshensa yana da kaifi. Zumunta a ƙafa take, ka je gidansa tun rumbunka da hatsi. In akwai rikicin gona, ku kira dattawa su raba tun kafin shuka.

Kada kuma ka ɗora wa abokinka kayan da ba nasa ba. In ya ranta maka, ka biya a kan lokaci. In ya ce ba shi da hali, kada ka ƙulla shi a zuciya.

Ke ma, uwargida, kada zumuncin ƙawa ya sa ki manta da ƙanwarki.

Tambayoyi

1. Me ya raba Ibrahim da Tanimun? Me yakan raba 'yan'uwa a ƙauyenku?
2. Wane irin taimako Jonatan ya yi wa Dawuda? Danginsa fa?
3. Akwai ɗan'uwan da ka daina gaisawa da shi? Yaushe za ka tafi wurinsa?