MOTSA JIKI MAI ƘARFI A GIDA: AMFANINSA DA HAƊARINSA

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Darasin wannan wata yana magana ne a kan zuciya, da yadda motsa jiki yake ƙarfafa ta.

Zuciya tsoka ce. Girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Aikinta shi ne tura jini zuwa ko'ina a jiki. Tana bugawa kamar sau 100,000 a kwana ɗaya, ba ta hutu dare da rana. Kowace tsoka idan ana sa ta aiki tana ƙara ƙarfi, idan kuma aka bar ta sai ta yi rauni. Haka zuciya take.

Likitoci sun daɗe da gane wannan. A shekarar 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya fitar da bincikensa a kan ma'aikatan motocin bas na birnin Landan a ƙasar Ingila. Motocin masu hawa biyu ne. Direba yana zaune wuri ɗaya duk yini. Kwandasta kuwa yana hawa yana sauka a kan matakala don karɓar kuɗin mota. Sai aka ga direbobi sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ɗaya yana motsi ɗaya yana zaune.

Tsarin kwana 60

A ƙasashen Turawa mutane da yawa aikin zaune suke yi. Saboda haka aka shirya musu tsarin motsa jiki da za su yi a cikin ɗaki. Wani sananne daga ciki shi ne wanda ake kira Insanity, wato hauka. Ya fito a Amurka a shekarar 2009, kuma wani mai horarwa da ake kira Shaun T ne yake jagorantarsa a faifan bidiyo. Ana yin sa kwana 60, kwana 6 a kowane mako. Ba a bukatar na'ura. Mutum zai yi ta tsalle, da gudu a wuri ɗaya, da tsugunawa da tashi, kamar minti 3 ba tsayawa. Sai ya huta rabin minti, ya sake komawa. A haka zai kai minti 30 har zuwa awa ɗaya.

Yanzu irin waɗannan bidiyo suna yawo a wayoyin hannu. Saurayi zai gani, sha'awa ta kama shi, washegari ya ce sai ya yi duka. A nan ne haɗarin yake. An shirya tsarin ne don wanda jikinsa ya riga ya saba. Sunan da masu shi suka sa masa ma ya isa gargaɗi.

Nawa ne ya isa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙa'ida a shekarar 2020. Ta ce baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Idan mai ƙarfi ne, minti 75 zuwa 150 sun isa. Ga lissafi mai sauƙi: minti 30 sau 5 ya zama 150. Minti 25 sau 3 ya zama 75. Wato wanda ya yi mai ƙarfi na minti 25 a ranakun Litinin, Laraba da Asabar ya cika ƙa'ida. Ba sai ya yi kwana 6 yana haki ba.

Yaya ake bambanta matsakaici da mai ƙarfi? Da magana ake ganewa. Idan mutum yana motsi yana iya hira amma ba ya iya rera waƙa, matsakaici ne. Idan ba ya iya faɗin kalma uku ko huɗu sai ya tsaya ya ja numfashi, mai ƙarfi ne.

Akwai kuma ƙirga bugun jini. A sa yatsu biyu a wuyan hannu, a ƙarƙashin babban yatsa, har a ji jijiya tana harbawa. A ƙirga na daƙiƙa 30, sai a ninka sau 2. Baligi idan yana zaune, bugunsa yana tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya. Don a san iyakar da zuciya take kaiwa, sai a ɗebe shekarun mutum daga 220. Mai shekara 20 iyakarsa 200 ke nan. Mai shekara 40 kuwa 180. A motsi mai ƙarfi, mai shekara 40 ya tsaya tsakanin 126 da 153. Wannan lissafi ƙiyasi ne. Wasu magungunan hawan jini ma suna rage bugun zuciya, don haka mai shan su ya tambayi ma'aikacin lafiya.

Manomi fa?

Wani zai ce wannan maganar 'yan birni ce. Yana da gaskiyarsa. Wanda ya yini yana huɗa da garma a damina ya riga ya yi motsa jiki mai ƙarfi. Haka matar da ta yi sussuka, ta yi daka, ta jawo ruwa a rijiya. Irin waɗannan ba sa bukatar su dawo gida su kama tsalle. Abin da jikinsu yake nema shi ne abinci, da ruwa, da barci.

Amma zaman ƙauye ya canja. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi a gidaje da yawa. Babur ya karɓi aikin ƙafa, har zuwa masallaci wani sai ya hau. Da rani, idan an gama girbi, magidanci yakan yi watanni yana zaune a majalisa. Ga tela, da mai kanti, da mai cajin waya, da ɗan acaba. Su ne direbobin Landan na garuruwan karkara. Hawan jini da ciwon sukari ba sa tambayar ko mutum ɗan birni ne ko ɗan ƙauye.

Yadda ake farawa

A zaɓi lokacin sanyi, bayan sallar asuba ko da yamma liƙis. Kada a yi da tsakar rana, balle a watannin bazara. Ƙasar tsakar gida ta fi daɓen siminti sauƙi ga gwiwa. A share wurin saboda ƙaya da kwalba.

Da farko a ɗumama jiki na minti 5. A yi tafiya a hankali ana kaɗa hannuwa. Sannan a shiga aiki: gudu a wuri ɗaya ana ɗaga gwiwa, na daƙiƙa 30, a huta minti ɗaya. Sai tsugunawa da tashi sau 10, a huta. Sai hawa da sauka a kan dakali, ko tsallen igiya irin na yara. A makon farko minti 10 ya isa, sau 3 a mako. A riƙa ƙara kaɗan-kaɗan kowane mako, ana rage hutun. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da tafiya da sauri na wata guda kafin ya taɓa tsalle. Idan an gama kada a zauna nan take. A yi tafiya a hankali har numfashi ya daidaita, sannan a sha ruwa.

Matan aure za su iya yin duk wannan a cikin ɗaki ko tsakar gida. Mai ciki ta fara tambaya a wurin awo.

Ciwon cinya da na ƙwauri bayan kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, yakan tafi da kansa. Amma a bar rana ɗaya ta hutu tsakanin motsi mai ƙarfi da wani. A lokacin hutun ne tsoka take gyara kanta.

Waɗanda za su fara zuwa asibiti

Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai ciwon zuciya, da mai asma, da mai sikila, kada su fara sai sun ga ma'aikacin lafiya. Haka wanda ya manyanta ko yake da ƙiba sosai. Hawan jini yakan zauna a jiki shekaru ba tare da alama ba. Awonsa ba ya ɗaukar minti 5 a ɗakin shan magani. Mai zazzaɓi ya jira sai ya warke. Mai azumi ya bari sai bayan buɗa-baki da kamar awa biyu.

Wasu samari suna shan tramadol wai don kada su ji gajiya. Wannan ganganci ne. Gajiya da ciwo su ne ƙararrawar jiki. Wanda ya kashe ƙararrawa ba zai san lokacin tsayawa ba, kuma ƙwayar tana iya jawo farfaɗiya.

Idan ana cikin motsi aka ji ƙirji ya ɗaure, ko ciwo ya tafi zuwa hannun hagu ko haɓa, ko jiri, ko duhu a ido, a tsaya nan take, a kai mutum asibiti. Akwai wata alama kuma da take zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu. Tsoka ta kumbura da ciwo mai tsanani, fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Wannan yana nuna tsoka ta farfashe, abin da yake cikinta ya shiga jini, kuma yana iya lalata ƙoda. Ya fi samun wanda ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa a ranar farko, cikin zafi, ba tare da shan ruwa ba. Wanda ya ga haka kada ya tsaya jiƙo a gida, ya tafi asibiti a ranar.