Amsoshin Tambayoyinku: Jikinmu Ne Ya Saba da Magani, ko Maganin Ne Ya Lalace?

Tambaya, daga wata uwa a Funtuwa: A da idan yaro ya yi zazzaɓi ko gudawa, na aika kemis a sayo kafso ko ruwan Septrin, kwana biyu ya miƙe. Yanzu sai a sha wannan a sha wancan, shiru kake ji, har sai an kai ga allura mai tsada. Maƙwabciyata ta ce jikinmu ne ya saba da magani, maigidana kuma ya ce magungunan yanzu duk jabu ne. Don Allah wanne ne gaskiya? Na kuma ji a rediyo wai nan gaba magani zai daina aiki baki ɗaya. Haka ne?

Amsa:  Allah ya raya yara, ya ƙara musu lafiya.

Maganar maigidanki tana kan hanya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin kowane magani goma da ake sayarwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marar inganci. Wani ma na gaske ne, amma ya sha rana a faranti ko a shago mai zafi har ƙarfinsa ya ragu. Maƙwabciyarki ita ma ta lura da abu na haƙiƙa, sai dai ta ɗora laifin inda ba nan yake ba. Jikin mutum ba ya sabawa da irin waɗannan magunguna da ake kira antibayotik. Masu sabawar su ne ƙwayoyin cutar da ake son kashewa.

Wannan bambanci shi ne gaba ɗayan zancen. Da a ce jikin ne ke sabawa, da matsalar ta tsaya ga wanda ya yawaita shan magani, kowa tasa ta fisshe shi. Amma ƙwayar cuta tana yawo. Tana bin hannu, tana bin ruwan sha, tana bin ganyen da aka yi wa ban-ruwa da ruwan kwata, tana shiga jirgin sama. Jaririn da aka haifa jiya, wanda ko cokali ɗaya na magani bai taɓa sha ba, yana iya kamuwa da ƙwayar da ta riga ta gagari magunguna uku ko huɗu tun a jikin wasu mutanen da bai taɓa gani ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Bakteriya halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda ke hayayyafa ta hanyar rabewa gida biyu. Wata irin, idan ta samu wurin da ya yi mata daɗi, kowane minti 20 sai ta ninka. A cikin miliyoyin da ke jikin marar lafiya ba a rasa 'yan ƙalilan da suka zo da wani ɗan bambanci a halittarsu wanda ke sa magani ba ya cin su sosai. Idan aka sha magani sai raunana su mutu, masu taurin su rage, fili ya zama nasu. Manomin wake ya san wannan: in ya yi ta fesa maganin ƙwari iri ɗaya shekara da shekaru, ƙwarin da suka tsira bana su ne za su haifi na baɗi, har ranar da zai fesa su ko gezau. Abin da ya ƙara dagula lamarin bakteriya shi ne, ɗaya tana iya miƙa wa wata wannan taurin, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Kuma duk lokacin da kika ba yaro antibayotik, ba mai cutar kaɗai yake taɓawa ba. Akwai ɗimbin bakteriya masu zaman lafiya a hanjinsa, su ma suna koyon darasin, kuma suna iya koya wa mugu idan ya zo daga baya.

Sai kuma dalili na uku, wanda babu wanda ya ambata a gidanku, alhali ina ganin ya fi sauran yawan faruwa: sau tari maganin da aka sayo ba na ciwon ba ne tun farko. Mura da mafi yawan tarin yara da galibin gudawar ƙananan yara, wata halitta ce daban ke kawo su, wadda ake kira bairos, kuma antibayotik ba ya yi mata komai. Yaron da kike cewa ya miƙe bayan kwana biyu, mai yiwuwa da ko ba a ba shi kafson ba zai miƙe, don jikinsa ne ya yi yaƙin. Kafson ya karɓi yabon da ba nasa ba, ya kuma bar ɓarna a baya. Haka zazzaɓin cizon sauro: Ampiclox ba ya kashe ƙwayarsa. Ga kuma al'adar nan ta kiran kowane zazzaɓi mai daɗewa taifot, bisa gwajin Widal, gwajin da likitoci suka daɗe da sanin cewa yana yawan nuna cutar inda babu ita.

Ba yau aka fara hango wannan ba. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a wani asibiti a Landan a 1928, ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa idan maganin ya zama kowa na iya saya a shago, mutane za su riƙa shan abin da bai kai ƙa'ida ba, su horar da ƙwayoyin cutar maimakon su kashe su. Mu ma mun ga irin wannan da idonmu, ko da yake a kan ƙwayar maleriya ne. Waɗanda suka manyanta suna tuna lokacin da kulorokwin, mai ɗacin nan da ke sa wasu ƙaiƙayi, yake kwantar da zazzaɓi da kuɗi ƙalilan. A hankali ya daina, har Nijeriya ta sauya shi a hukumance a 2005 da haɗin magungunan da ake kira ACT. Yanzu kuma an fara ganin alamun bijirewa ga jigon wannan haɗin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya.

To, tambayarki ta ƙarshe: magani zai daina aiki baki ɗaya? Ba a rana ɗaya ba, kuma ba duka a lokaci guda ba. Yadda abin ke tafiya shi ne, masu arha ne ke fara faɗuwa. Sai a koma ga mai tsada, daga ƙwaya a koma allura, daga jinyar gida a koma kwanciya a asibiti. Mai hali zai ci gaba da samun mafita na wani lokaci. Talaka ne ke fara isa bango. Wani babban bincike da mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a Janairun 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani, kuma tana da hannu a mutuwar kusan miliyan 5. Wannan ya zarce waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe a shekarar, ya zarce na maleriya. Yankin da abin ya fi muni a duniya, in aka auna da yawan jama'a, shi ne yammacin Afirka kudu da Sahara, wato inda muke.

A wasu wuraren an riga an ga yadda bangon yake. A ƙarshen 2016 wani nau'in taifot ya ɓulla a lardin Sindh na Pakistan wanda ya gagari kusan duk magungunan da aka saba ba wa masu ita, har da allurar da ake dogaro da ita. Ruwan sha da ya gauraya da na masai ne ya yaɗa shi, yara kuma su suka fi jin jiki. Wannan ne ya sa ƙasar ta shigar da rigakafin taifot cikin alluran yara a 2019. Tarin fuka mai bijire wa magani kuwa yana kama mutum wajen 400,000 a duniya kowace shekara. Ciwon sanyi, wanda a da allurar fenisilin ke gamawa da shi, yau magungunan da suka rage masa 'yan kaɗan ne.

Ba na son ki tashi daga wannan amsa kina ganin laifin na iyaye mata ne masu aika yaro kemis. Uwar da asibiti ya yi mata nisa, ko ta je ta yini a layi, ko aka rubuta mata gwajin da ya fi kuɗin cefanen mako, ba ganganci ne ya kai ta kemis ba. Wanda ya sayi ƙwaya huɗu maimakon ashirin, abin da ke aljihunsa ke nan. Kuma kaso mai yawa na antibayotik ɗin duniya ba ma bakin mutum yake shiga ba, dabbobi ake ba wa, sau da yawa ba don suna ciwo ba, sai don su yi saurin girma. Suwidin ta hana wannan tun 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2006. A 2015 masu bincike a Sin suka gano a jikin aladu wata bakteriya mai iya jure wa kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai an rasa yadda za a yi, kuma ba a daɗe ba aka same ta a ƙasashe da dama. A nan gida, duk mai kiwon kaji ya san garin maganin da ake zuba musu a ruwa tun suna 'yan tsaki, kuma ba kowa ke jiran kwanakin da aka rubuta a jikin leda kafin ya sayar da ƙwai ko nama ba.

Za ki ce, to a ƙirƙiro sababbi mana. Nan ma da ƙura. Samar da sabon magani yana cin shekaru da maƙudan kuɗi, sabon antibayotik kuwa da ya fito likitoci za su kulle shi a kabad, kada a yawaita amfani da shi ya lalace. Daidai ne su yi hakan, amma ga kamfani babu ciniki. Wani kamfanin Amurka mai suna Achaogen ya samu izinin sayar da sabon antibayotik a 2018, a 2019 ya karye. Shi ya sa manyan kamfanoni da yawa suka fita daga harkar suka koma ga magungunan da ake sha har tsawon rai, irin na hawan jini da ciwon suga. A nan ne lamarin ya tashi daga ɗakin gwaji ya shiga siyasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna a kansa a matakin shugabanni a 2016, ta sake zama a Satumban 2024, inda ƙasashe suka yi alkawarin rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Nijeriya ma tana da tsarin aikinta na ƙasa tun 2017. A ganina ba a takarda za a auna waɗannan alkawura ba. A duba famfo ko yana kawo ruwa mai tsabta, a duba asibitin karkara ko akwai sabulu da ruwan wanke hannu a ɗakin haihuwa, a duba ko ƙaramin asibiti na iya gwada jini ko fitsari ya gaya wa likita wace ƙwaya ce da kuma maganin da ke cin ta. Cutar da ba a kamu da ita ba, ba ta buƙatar kafso.

Akwai wani gefen da dole a faɗa, don adalci. A yankinmu yara na mutuwa saboda yawan shan antibayotik barkatai, suna kuma mutuwa saboda rashin samun sa a lokacin da ya dace. Wani bincike da aka buga a 2018, wanda aka gudanar a Nijar da Malawi da Tanzaniya, ya nuna cewa raba wa ƙananan yara azitiromaisin sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu, a Nijar da kusan kashi 18 cikin 100. Amma a garuruwan da aka raba, ƙwayoyi masu jure wa maganin sun ƙaru. Masana na ta auna wannan da wancan har yanzu. Saboda haka kada wani ya fahimci cewa ana nufin a guji maganin. Yaron da ke da ciwon huhu na bakteriya, amoksilin na iya zama sanadin tsirarsa.

Abin da ke hannunki, Hajiya, ba kaɗan ba ne. Idan yaro ya yi zazzaɓi, a fara da gwajin maleriya na ɗigon jini, wanda ba ya wuce minti 20. Idan gudawa ce ba jini, abin da ke ceton rai shi ne ruwan gishiri da sukari na leda tare da ƙwayar zink, da ci gaba da ba shi nono da abinci. Flagyl ba shi da gurbi a nan sai ma'aikacin lafiya ya ce. Idan an rubuta antibayotik, ki tambaya: na mene ne, sau nawa a rana, kwana nawa? Ki sayi cikakke a wurin da ke da rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ki bayar yadda aka rubuta. Likitoci yanzu suna rage yawan kwanakin shan magani a wasu cututtuka, amma su ke yanke wannan, ba sauƙin da yaro ya fara ji ba. Ragowar na Yaya kada a ajiye wa ƙani, na maƙwabta kada a karɓa. Ki kuma cika wa yara rigakafi: akwai na ciwon huhu, kuma tun 2022 Nijeriya ta shigar da na gudawar rota, duka kyauta a asibitocin gwamnati.

Akwai kuma lokacin da ba a tsayawa dogon tunani. Jaririn da bai kai wata biyu ba idan jikinsa ya yi zafi ko ya ƙi kama nono, yaron da ke numfashi da sauri ƙirjinsa na lotsawa, wanda ke jijjiga, ko gudawa da jini, ko barcin da ba a iya tashinsa, wannan a wuce kemis a nufi asibiti nan take, ko da dare ne.