Sunan Yaya Ne a Takardar Gona: Mun Rasa Gadonmu Ke Nan?

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar gona a gefen Kano. Babban wanmu ke biyan kuɗin ƙasa, rasit duk da sunansa, yanzu ya ce gonar tasa ce. Mu mata muna da abin yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, Malama. Ki kwantar da hankalinki, rasit shaida ce ta wanda ya biya kuɗi, ba ta wanda ya mallaka ba. Tun zamanin Turawa, da malaman taki ke auna gonakin Kano don yanka haraji, sunan mai biya ake rubutawa, galibi babban gida. Ko takardar mallaka ta gwamna, wadda ake bayarwa ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ba ta gagari kotu ba. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, Kotun Ƙoli ta nuna cewa takardar ba ta ba mutum haƙƙin da dama ba shi da shi.

A shari'ar Musulunci, ranar da mahaifinku ya cika gonar ta zama ta magada duka: matansa tumuni, 'ya'ya kuma namiji rabon mata biyu, bayan an biya bashi da wasiyya.

Inda nake so ki lura shi ne hauzi. A mazhabar Malikiyya, wanda ya ga bare yana cin gonarsa shekara 10, ya yi shiru ba uzuri, da'awarsa ta faɗi. Tsakanin 'yan'uwa ana kai wa shekara 40, don an san kunya da kara ke rufe baki. Riƙon amana ko aro kuwa ba ya zama hauzi. Duk da haka, kunyar nan ita ta cinye gonakin mata da yawa. In wanku ya ce kyauta Baba ya ba shi, sai ya kawo shaidu cewa ya karɓa a hannu tun Baba na da lafiya.

Ku fara da kawunnai da dagaci, a kira maƙwabtan iyaka tun dattawan na raye. In an kasa, sai kotun shari'a ta raba, ta ba ku takardar rabon gado. Da ita za ku je ofishin filaye na KANGIS a gyara suna. Kafin nan ku rubuta musu cewa akwai rikici a kan filin, kada a sayar ku ji a bakin dillalai.